Filina ne, wurin aikina ne: me ya sa aka hana ni gina ɗakunan kwana a sama?

Garba_MaiWalda
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar tsara gari, don abin ya tsaya mini a rai. Ina da wurin aikin ƙarfe a unguwar masana'antu, muna ƙera ƙofofi da tagogi da tankunan ruwa. Fili nawa ne, takardu suna hannuna. Yaran da ke aiki a wurina daga nesa suke zuwa, wani sai ya hau mota biyu kafin ya iso, wani lokaci kuma aiki ya kai mu dare. Sai na yanke shawarar in ɗora bene a kan shagon, in fitar da ɗakuna shida su riƙa kwana. Na kai zane hukumar tsara gari, suka dawo mini da shi, wai shiyyar ta masana'antu ce, ba a gina wurin kwana a cikinta. Suka ƙara da cewa rumfar da nake son faɗaɗawa ta baya ma sai na janye ta daga jikin katanga. Alhali layi biyu daga wurina akwai tsohon gida, mutane na ciki da 'ya'yansu, ba wanda ya ce musu uffan. Ni dai a ganina wannan doka danniya ce ga ƙaramin mai sana'a. Wanda ya ga ba haka ba, ya fahimtar da ni.

ɗan_sito
Wa alaikumus salam. Malam Garba ina bayanka ɗari bisa ɗari. Ni ma sito nake kula da shi a irin wannan unguwa. Da magariba ta yi sai wurin ya yi tsit, daga masu gadi sai karnuka. Da akwai mutanen da ke kwana a layin, da ɓarayi ba su addabe mu haka ba.

Injiniya_Rabi
Malam Garba, wannan aikina ne, don haka bari in fara da tsohon gidan da ka ambata. Kusan duk inda aka kafa dokar raba gari shiyya-shiyya, abin da ta tarar a ƙasa ba ta rushe shi. Gidan da aka gina bisa ƙa'ida kafin a shata shiyyar yana ci gaba da zamansa, sai dai a ɗaure yake. Yawanci ba a yarda a faɗaɗa shi. In ya ƙone ko ya rushe fiye da wani kaso da dokar ta yanke, ba lalle a bari a sake gina shi a matsayin gida ba. In aka bar shi ba kowa na wani tsawon lokaci, haƙƙin ya faɗi. Ana jira ne ya ƙare da kansa. To ka ga ba zai zama hujja a gare ka ba, kai sabon abu kake neman kafawa.

Batun janye rumfa daga katanga kuwa, tazarar ce hanyar da motar kashe gobara za ta bi ta zagaya, ita ce kuma ke hana wuta tsallakawa zuwa ga maƙwabcinka. Bayan ita akwai wasu lissafi biyu da ya kamata ka tambaye su. Na farko, kason filin da aka yarda ka rufe da gini. A ce filinka murabba'in mita 1,000 ne, doka ta ce kashi 60 cikin 100, to 600 kaɗai za ka rufe, saura na lodin kaya ne da fakin da hanyar ruwan sama. Na biyu, jimillar faɗin dukkan hawa in aka haɗa, a kwatanta da faɗin filin. In adadin 1 ne, ƙasa da sama gaba ɗaya kada su wuce 1,000, wato in ka ci 600 a ƙasa saura 400 ke gare ka a sama. Misali ne na bayar, kowane gari da nasa adadin. Mutane da yawa a nan zanensu ke faɗuwa tun kafin a zo maganar kwana.

TsohonKwanaKwana
Ɗana Garba, na yi aikin kashe gobara har na yi ritaya, ka saurare ni da kyau. Me ke ƙarƙashin benen da kake son ginawa? Tukwanen gas na yanka ƙarfe, gwangwanayen fenti, tsummokara masu mai, wayoyin da ke ɗaukar wuta mai nauyi. Da rana in tartsatsi ya faɗa wani lungu akwai idanu goma a wurin. Amma tartsatsin walda yakan shige cikin tsumma ko ƙarƙashin katako ya yi ta ci a hankali, sai bayan an rufe shago an tafi ya tashi. Hayaƙi sama yake yi. Mai barci ba wuta ke fara kashe shi ba, hayaƙin ne, kuma ba ya farkawa balle ya gudu. Na taɓa shiga ɗaki a saman wani wurin aiki bayan mun kashe wuta: ko katifa ba ta ƙone ba, takalma na jere a bakin ƙofa, bango ne kawai ya yi baƙi daga rufi zuwa daidai ƙirji, amma mutanen ciki sun riga mu gidan gaskiya. Tagar tana da sandunan ƙarfe saboda ɓarayi, matakala ɗaya ce kuma ta cikin shagon ta bi.

Ba a wuri ɗaya abin ke faruwa ba. A Prato ta Italiya, Disamban 2013, ma'aikata 7 suka mutu a masana'antar ɗinki da suke kwana a cikinta. A Oakland ta Amurka, Disamban 2016, sito ne aka mayar wurin zama ba izini, ana taron kiɗa a sama wuta ta tashi, mutum 36 suka rasu. A Delhi, Disamban 2019, mutum 43, akasarinsu leburori ne da ke barci a wurin aiki. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu.

Garba_MaiWalda
Amin Baba, jikina ya yi sanyi. Amma in dai gobara ce matsalar, ai sai a gindaya mini sharuɗɗa. A ce in yi dakalin kankare mai kauri tsakanin ƙasa da sama, in fitar da matakala biyu ta waje, in sa na'urar jin hayaƙi, in kai tukwanen gas wani keji a tsakar fili. Duk zan yi. Su ba su ce haka ba, cewa suka yi sam ba a yi.

Sani_Lissafi
Gyara kaɗan Baba, na Delhi ɗin akasin na Malam Garba ne. Can masana'anta ce ta kutsa cikin lungunan da jama'a ke zaune, ba gida ne ya shiga unguwar masana'antu ba. Sakamakon dai ɗaya ne.

Barista_Hadi
Malam Garba, tambayarka ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma gaskiyarka, gobara dokar gini ce ke maganinta, ana iya cika sharuɗɗanta. Dokar shiyya wani abu daban take karewa, kuma abin da take karewa kai ne.

Izini ba mutum ake ba wa ba, fili ake ba wa. Yau yaranka ne a ɗakunan, sun san ƙarar garanda, da ita suke samun abin rufin asiri. Gobe ka sayar da wurin, ko magada su raba, ko ka ga hayar ɗaki ta fi walda kawo kuɗi. Sai wani ya shigo da matarsa da jariri. Daga ranar da ya tare, doka ta san shi a matsayin mazauni, yana da haƙƙin barci, yana da haƙƙin kai ƙara. Ƙarar wa zai kai? Maƙwabcinka mai injin da ke aiki har asuba. Dubi ƙa'idar hayaniya ta Jamus ka gani: a shiyyar manyan masana'antu an yarda ƙara ta kai desibel 70 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan) dare da rana, a unguwar zama ta gama-gari kuwa 55 ne da rana, 40 da dare, dare kuma daga ƙarfe 10 ne zuwa 6 na safe. Duk ƙarin desibel 10 kunne na jin sa kamar an ninka ƙarar. Ba injin yankan ƙarfe da zai iya zama a 40.

Akwai tsohuwar shari'a a Amurka da duk ɗalibin wannan fanni ya sani. Wani mai suna Hadacheck ya sayi fili mai yumɓu a wajen birnin Los Angeles, ya kafa wurin gasa bulo. Birni ya faɗaɗa ya haɗiye shi, gidaje suka kewaye shi, aka yi dokar hana gasa bulo a yankin. Ya ce filin nan dala 800,000 yake in ana bulo, in na gidaje ne bai wuce 60,000 ba, kuma shi ya riga kowa zuwa. Kotun Ƙolin Amurka a 1915 ta ba birnin gaskiya, bai samu diyya ba. Shiyyar da ta hana ka gina ɗaki ita ce ke hana wannan ya same ka.

Hajiya_MaiRoba
Barista ka faɗi abin da ke raina. Ni ganau ce ba jiyau ba. Muna narka roba muna yin bokitai da kujeru. Da muka kafa, bayanmu fili ne fetal. Aka zo aka sauya wa filin matsayi, aka gina gidajen bene, tagoginsu na kallon bututun hayaƙinmu. Ba a rufe shekara ba takardun ƙorafi suka fara zuwa: wari, ƙara, motoci da dare. Kuma ba ƙarya suka yi ba, roba tana wari. Ƙarshe aka hana mu aikin dare. Injin narka roba ba a kashe shi a kunna kamar fitila, in ya huce sai an ɓata sa'o'i da kaya kafin ya koma daidai. Dole na sallami duk masu aikin dare, magidanta ne masu iyali. Malam Garba ka yi haƙuri, da ni ce maƙwabciyarka da ni zan fara sa hannu a hana ka.

UmmuAmir
Hajiya Allah ya mayar da alheri, amma ku masu masana'antu kullum labarinku ɗaya ne, ku kuka riga zuwa. Mu fa? Gidanmu ya girmi duk wata masana'anta da ke kusa da mu. Rana ɗaya aka ce layin da ke bayanmu ya zama na masana'antu, aka kafa wurin niƙa dutse. In na share taga da safe, kafin la'asar zan iya rubuta sunana da yatsa a kan ƙurar. Shanya ba ta yiwuwa a waje. Ƙaramin ɗana tari ya zame masa abokin zama. Mu ne irin "tsohon gidan" da Injiniya ta ce ana jira ya ƙare da kansa. To mutane ne a ciki, ba bulo kaɗai ba. Ba mu iya faɗaɗawa, mai saye kuma ba ya taya gidan da daraja.

Injiniya_Rabi
UmmuAmir, maganarki gaskiya ce kuma ba zan kare abin da aka yi muku ba. Tsari mai kyau ba ya haɗa manyan masana'antu da gidaje katanga ɗaya. Hawa-hawa ake yi: masu nauyi a can ciki, sai masu sauƙi da sito-sito, sai ofisoshi ko shaguna ko shingen bishiyoyi, sannan gidaje. Ana duba inda iska ta fi kaɗawa, ana duba gangaren ruwa. Niƙa dutse a bayan gidan mutane kuskuren wanda ya ja layin shiyya a taswira ne. Ki nemi takardar izinin wurin, galibi tana ɗauke da sharuɗɗan ƙura da lokutan aiki, kuma ana iya tilasta su.

MalamNaTarihi
Muhawara ta yi daɗi. Abin da zai ba Malam Garba mamaki shi ne, dokokin farko ba su hana abin da yake nema ba. Faransa ta raba masana'antu masu wari da haɗari aji uku tun 1810, ajin farko dole a nisanta shi da gidaje. Frankfurt ta Jamus ta raba gari shiyya-shiyya a 1891. Niyok ta yi babbar dokarta a 1916, kuma cikin waɗanda suka matsa a yi ta har da manyan 'yan kasuwar titin Fifth Avenue da ba sa son masana'antun ɗinki da ma'aikatansu su cika musu titi. Sai shari'ar ƙauyen Euclid a jihar Ohio, inda wani kamfani mai eka 68 ya ce an karya darajar filinsa da aka hana shi sayar da wani sashe ga masana'antu, Kotun Ƙoli ta halatta tsarin shiyya a 1926.

Amma a wancan zamani dokar gefe ɗaya take yanka. An hana masana'anta shiga unguwar gidaje, ba a hana gida shiga unguwar masana'antu ba. Shiyyar da ke can ƙasan jerin, komai ana iya ginawa a cikinta. Daga baya ne, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka fara keɓe shiyyar masana'antu zalla. Niyok a dokarta ta 1961 ta raba su M1 da M2 da M3, daga masu sauƙi zuwa masu nauyi, tare da ma'aunin ƙara da hayaƙi da girgiza da kowane aji zai kiyaye.

Aliyu_Dalibi
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma akwai ɓangaren tarihin da bai kamata a tsallake ba, kuma shi ne ya haɗu da kukan UmmuAmir. Layin nan da ake ja a taswira hannun mutum ke jan sa. A Amurka, bayan Kotun Ƙoli ta soke dokar raba unguwanni bisa launin fata a 1917, a shari'ar da ta taso daga Louisville, birane da dama sun ci gaba da cim ma manufar ta wata hanya: unguwar baƙar fata da talakawa sai a shata ta a matsayin ta masana'antu, ko a manna mata su, unguwar masu hali kuma a killace ta. Shi ya sa ni ba na karɓar "doka ce ta ce" haka kawai. Wa ya zauna a teburin da aka ja layin? Wa aka gayyata sauraron ra'ayi?

Ko korar masana'antu ma talaka take faɗa wa. Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umarni a 1996 a fitar da masana'antu 168 masu haɗari daga Delhi. Iska ta amfana, amma leburan da ke zaune kusa da aikinsa ya wayi gari aikin ya koma bayan gari. Wannan ita ce matsalar yaran Malam Garba, kuma har yanzu ba wanda ya amsa ta a nan.

Direban_Tirela
Ni ba boko na yi ba amma ga nawa. Tirela in tana ja da baya, direba ba ya ganin abin da ke bayansa da gefen damansa. A unguwar masana'antu na san duk wanda ke kan titi babba ne, ya san mota. Ranar da na ga yaro ya biyo ƙwallo a layin da nake juyawa da kwantena, sai da na kashe mota na zauna hannuna na rawa. Inda aka yi ɗakin kwana, yara na nan tafe. Ku bar mana layukanmu.

ɗan_sito
To ai na ji ana cewa Houston, babban birni a Amurka, ba shi da wannan doka kwata-kwata kuma bai rushe ba.

Barista_Hadi
Haka ne, masu zaɓe a Houston sun ƙi ta har sau uku, 1948 da 1962 da 1993. Sai dai ba a sake ba ne. Unguwanni da yawa suna da sharuɗɗan da aka rubuta a cikin takardun mallakar fili, masu hana kafa masana'anta ko shago, kuma birnin kansa yana iya shiga kotu ya tilasta su. Akwai kuma dokokin girman fuloti da tazara da fakin. Wanda ke unguwa mai irin waɗannan takardu yana da kariya. Wanda ba ya ciki, kamar mazauna unguwar Manchester ta Houston da ke gefen matatun mai, shi ke kwana da hayaƙi. Wannan ya ƙarfafa maganar Aliyu ta wata fuska, ya kuma raunana ta ta wata: rashin layin ma talaka yake cuta.

TsohonKwanaKwana
Tunda an zo Texas, jihar da Houston yake, ku tuna garin West. Wurin ajiyar takin zamani ne da aka gina a fili, gari ya yi ta matsowa har makarantu da gidan kula da tsofaffi da gidajen haya suka zo kusa da shi. Afrilun 2013 ya fashe, mutum 15 suka mutu, 12 daga cikinsu masu kai ɗauki ne irina. A Bhopal ta Indiya a 1984 ma unguwannin talakawa sun manne da katangar masana'antar, gas ya fita da dare, dubbai suka mutu a kan shimfiɗarsu. A Tianjin ta ƙasar Sin, 2015, ƙa'ida ta ce mita 1,000 tsakanin sito mai sinadarai masu haɗari da gidajen jama'a, amma gidajen ba su kai haka nisa ba, rayuka 173 suka salwanta. Kowane gida a cikinsu, lokacin da ake gina shi, mai shi yana da uzuri mai kyau irin na Garba.

Sani_Lissafi
Baba, da girmamawa, shagon walda ba masana'antar sinadari ba ne. In muka auna komai da Bhopal ba abin da za a gina a duniya. Turai ma da ta yi dokar Seveso a 1982, bayan hatsarin masana'antar sinadari na 1976 kusa da garin Seveso a Italiya, wuraren da ke ajiye sinadarai masu yawa ta nufa, kuma a gyaran 1996 ne aka shigar da batun tazara tsakaninsu da gidaje. Ba ta shafi mai ƙera taga ba.

TsohonKwanaKwana
Ɗana Sani, ka san abin da ke cikin siton da ke jikin katangar Garba? Shi ma bai sani ba. Kuma abin da ke ciki yau ba shi zai kasance baɗi ba.

Injiniya_Rabi
Ku duka kuna da gaskiya, shi ya sa ƙasashen da suka ƙware ba su ɗauki "masana'antu" a matsayin abu ɗaya ba. Japan tana da shiyyoyin amfani da fili 13, uku na masana'antu ne. A mai sauƙin ana gina gidaje da shaguna tare da ƙananan masana'antu, masu haɗari sosai kawai aka hana. A ta tsakiya kowace irin masana'anta na shiga, gida ma an yarda, amma ban da makaranta da asibiti da otal. A ta ukun, masana'antu zalla, gida ma ba ya shiga. Jamus kuma, ko a shiyyar manyan masana'antu, dokarta ta ba da damar a yi togiya ga masaukin mai gadi da ma'aikacin jiran ko-ta-kwana da mai wurin ko manajansa, da sharaɗin masaukin ya zama na wurin aikin ne kuma ƙarami a kansa. Ingila a 2020 ta haɗa ƙananan masana'antun da ba sa damun maƙwabta aji ɗaya da shaguna da ofisoshi.

Don haka Malam Garba, koma ofishin, kada ka tsaya a kan "an hana". Ka nemi taswirar shiyya ka ga ainihin ajin da filinka ya faɗa. Ka karanta jerin abin da aka halatta kai tsaye, da wanda ake halattawa da izini na musamman, da wanda ake yarda da shi a matsayin ƙari ga babban aiki. Ɗakin mai gadi galibi a na ƙarshen yake. Batun rumfa kuwa, in siffar filinka ce ta matse ka, misali kusurwa ce ko rafi ya ci wani gefe, kana iya neman sassauci. Amma sassauci na tazara da tsawo ya fi sauƙin samu a kan na sauya amfanin fili. Kuma ka nemi a rubuta maka dalilin ƙin a takarda, da sashen dokar da aka dogara da shi, don da ita ake ɗaukaka ƙara.

Garba_MaiWalda
Injiniya na gode, Allah ya saka. Na koma kamar yadda kika ce. Ashe layinmu a ajin masana'antu masu sauƙi yake, kuma an yarda da masaukin mai gadi guda ɗaya, ƙarami, da ƙofarsa ta waje, ba a ba da shi haya, in aiki ya tsaya izininsa ya faɗi. Ɗakuna shida dai babu. Maganar Barista da Hajiya ta shige ni, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Amma har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya: wanda ya keɓe unguwa sukutum ya ce ba mai kwana a ciki, wajibinsa ne ya tanadi inda ma'aikatanta za su zauna a kusa, da motar da za ta kawo su. An yi rabin aiki an bar rabi a wuyan yaro mai koyon sana'a.

Aliyu_Dalibi
Wannan ita ce maganar. In hukuma ta ja layi ta tafi, to ta mayar da kuɗin tsarinta kan wanda ya fi kowa rauni.

Hajiya_MaiRoba
Na yarda da buƙatar gidaje a kusa, amma a gefen unguwar, ba a cikinta ba. Kuma akwai abin da ba a taɓo ba, kuɗin fili. Mai gina gidajen haya kullum ya fi mai masana'anta iya biya, don shi sama yake tafiya hawa-hawa, mu kuwa injinmu ƙasa yake so da faɗi. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin za a halatta gidaje a layi, masu filaye sai su daina sabunta wa masu sana'a haya, su zauna jira. Kafin a gina gida ko ɗaya an riga an kori masu aiki.

MalamNaTarihi
Hajiya ta yi daidai. Dalilin da ya sa Shikago ta fara killace wasu yankuna don masana'antu a 1988 ke nan, bayan an fara mayar da tsofaffin gine-ginen masana'antu gidajen zama a yankin Clybourn. Landan ma tana da filayen da ta ware ta ce na masana'antu ne masu muhimmanci ga birnin.

ɗan_sito
To amma a killace wa wa? Layinmu yanzu rabi sito ne na kamfanonin aika kaya, ga kuma wani ƙaton gini mara taga da aka cika da kwamfutoci, ƙarar na'urorin sanyaya shi ba ta tsayawa dare da rana, ma'aikatansa kuwa ba su cika mota ɗaya ba. In don samar da aiki ake kare filin, ya kamata a duba aikin nawa kowane gini ke kawowa.

UmmuAmir
Kowa ya samu amsarsa ban da ni. Barista, in an riga an yi kuskuren, gida da masana'anta sun haɗu, wa ya kamata ya tashi, wa kuma zai biya?

Barista_Hadi
'Yar'uwa, ba amsa ɗaya, amma ga hanyoyin da aka bi. A jihar Arizona ta Amurka, 1972, wani mai gina unguwanni ya matso da gidajensa har kusa da wurin kiwon shanu da ya daɗe a wurin. Kotu ta ce wurin kiwon ya tashi saboda lafiyar mazauna, amma mai ginin ne zai biya kuɗin tashin, tunda shi ya kawo mutanen. Ingila ta sa irin wannan ƙa'ida a manufarta ta tsara gari a 2018: wanda ya kawo sabon abu shi ke ɗaukar nauyin rage illar. Faransa kuma, bayan fashewar masana'antar taki a Toulouse a 2001 da ta kashe mutum 31, ta yi doka a 2003 da ta ba da damar a sayi gidajen da ke cikin yankin haɗari, gwamnati da ƙananan hukumomi da masana'antar su raba kuɗin. A naki, tunda ku kuka riga, nauyin ya kamata ya hau kan mai niƙa dutsen da hukumar da ta ba shi izini. Ku haɗu da maƙwabta, ku riƙa rubuta rana da lokacin ƙura, ku ajiye takardun asibiti.

Hajiya_MaiRoba
To ni a wannan ƙa'idar wanda ya gina benayen bayana ne ya kamata ya sa tagogi masu hana ƙara ya biya ni asarar aikin dare. Ya sayar ya tafi tuntuni. Barista, ana iya bin wanda ya riga ya sayar, ko sai hukumar da ta sauya matsayin filin?

Sani_Lissafi
Kafin Barista ya amsa, Injiniya ina da tawa. Masaukin mai gadin da aka yarda wa Malam Garba, ana lissafa shi cikin jimillar faɗin ginin da kika yi bayani, ko daban yake? Don in ana lissafawa, faɗaɗa rumfar na iya cinye masa gurbin.